Ƙarshen Labarin Artie Doolan

Shekarar da Faransa ta faɗa hannun Jamusawa, ruwan sama ya ƙi sauka a Yarrindee, ƙaramin garinmu na manoma da makiyaya da ke can nesa da birnin Melbourne. Watan Yuni, lokacin hunturu a ƙasarmu, ya shigo da sanyinsa babu ko yayyafi, alkamar da aka binne ta ƙi fitowa, tumaki kuma sun koma lasar ƙasa suna tauna gashin junansu. Ana cikin wannan hali ne Des, ɗa tilo ga Clarrie Treloar, ya ajiye cokali a kan tebur wata Lahadi da rana, ya ce zai shiga soja.

"Ka ce me?" in ji Hilda, uwarsa, tana tsaye da butar shayi a hannu.

"Ni da Ronnie Bartel, Mama. Mun riga mun tafa. Sai dai sajan da ke ɗaukar mutane ya ce da saura a shekaruna, sai Baba ya sa hannu."

Hilda ta dubi mijinta. Clarrie bai ɗago ba. Ya ci gaba da yanka naman da ke farantinsa ƙanana-ƙanana, kamar mai shirin ciyar da jariri.

"Clarrie, da kai fa ake."

"Na ji."

"To ka yi magana mana!"

"Naman nan ya yi tauri," in ji shi. "Ina jin tunkiyar nan ta girme ni."

Des ya fashe da dariya. Hilda ta dire butar har shayi ya fallatsa a kan tebur, ta fice.

Clarrie ba wani ba ne. Ɗan mai kafa shinge ne, ya bar makaranta tun bai gama iya rubutu da kyau ba, ya yi tarkon zomaye, ya yi askin tumaki daga wannan rumfa zuwa waccan. A 1916 ya bi abokansa biyu, Artie Doolan da Wal Finnegan, suka hau jirgin ƙasa zuwa Melbourne, daga can jirgin ruwa ya kwashe su zuwa yaƙi a ƙasashen da ba su iya faɗin sunayen garuruwansu ba. Ko igiya ɗaya bai samu ba. Lambobin yabon da ke cikin gwangwanin taba a saman kabad irin waɗanda aka raba wa duk wanda ya je ne. Ya dawo da tarin da iskar guba ta bar masa, da hannun hagu mai rawa duk sanda aka buga ƙofa da ƙarfi. Wal ya dawo da ɗingishi ya buɗe shagon aski. Artie bai dawo ba.

In ka tambayi Clarrie yadda yaƙin ya kasance, amsa ɗaya ce: "Ba laifi. Abincin ne dai babu daɗi." In ka matsa, sai ya ba ka labarin yadda suke tseren ƙwarƙwata a kan murfin gwangwani ana caca, ko yadda suka sace kazar wani hafsan Ingila suka dafa ta a hular kwano. Haka shi, haka Wal, haka duk waɗanda suka dawo. Mu kuwa muka ɗauki wannan shirun muka mai da shi abin alfahari, muna cewa mazajenmu ba su san ƙorafi ba. Kowace shekara ranar Anzac, ranar tuna sojojinmu, a yi fareti, a ajiye furanni gindin dutsen tunawa da waɗanda ba su dawo ba, a sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sannan a ɗunguma mashaya a sha dariya har yamma. Yaran garin kuma suna zaune a bakin ƙofa suna jiyo dariyar iyayensu. Sama da shekara ashirin muna lasa musu zuma muna ɓoye musu harbin, don ya fi mana sauƙi, don babu mai son a ɓata masa ranar hutu. Sannan da aka sake kaɗa gangar yaƙi muka riƙe baki muna mamakin yadda suke rige-rigen tafiya.

Hilda ta same shi a bayan gida yana gyara linzamin doki.

"Yaron nan ya ɗauka wasan ƙwallo za shi," ta ce. "Wa ya koya masa? Kai. Kai da wancan gurgun mai askin."

"Ba zan sa hannu ba, Hilda. Shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Kai wa ya sa maka hannu da ka tafi? Ka gaya masa abin da ke sa ka ihu cikin barci."

"Ba na ihu."

"Ni ce ke kwana gefenka, Clarrie. Ni ce ke shanya zanin gadon da ka jiƙe da gumi cikin sanyin nan. Ban taɓa tambayarka ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma shi ka gaya masa. Ɗa ɗaya gare ni."

Ranar Asabar ya shiga gari da tsohuwar a-kori-kurarsa don sayen gishirin tumaki, ya biya ta shagon Wal. Ya tarar da Mista Ashcroft a kan kujera, fuska duk kumfa. Ashcroft shi ne shugaban kwamitin dutsen tunawa, shi ke jawabi duk ranar fareti. Wancan yaƙin bai je ba, an ce tafin ƙafarsa ne ba shi da lanƙwasa.

"Ga uban soja!" in ji Ashcroft. "Na ji labarin Desmond. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Garin nan na alfahari da kai, Treloar."

"Rufe baki, ranka ya daɗe, kada in yanke maka alfaharin," in ji Wal, yana wasa aska a kan fata. Sai ya juya ga Clarrie. "Kai kuma tsohon kwarto, zauna. Wa ya yi maka wannan askin? Akuya?"

"Hilda."

"To akuyar ta fi ta tausayi."

Wasu samari biyu da ke jiran layi suka tuntsure. Ashcroft ya ɗaga yatsa daga ƙarƙashin mayafin aski.

"Finnegan, ba yaran nan labarin Artie da tulu. Su ma wata mai zuwa za su tafi, ya kamata su san irin mazan da suka gada."

Babu wanda bai san labarin Artie da tulu ba a Yarrindee, amma ba a gajiya da shi. Wal ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai kyau.

"A Beljiyam ne, ƙarshen shekarar sha bakwai. Taɓo ko'ina, sai ka ce Allah ya dama ƙasar ya manta bai toya ba. An shimfiɗa katakai, a kai muke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗora wa Artie tulun barasar da ake raba mana cokali-cokali saboda sanyi. Saja ya ce masa, 'Doolan, in tulun nan ya fashe, kada ka dawo.' Muna cikin tafiya sai santsi ya kwashi gogan naka, tsulum! Muka waiwaya, ba ka ganin komai sai kai da hannu biyu, ya ɗaga tulu sama kamar limamin coci da jariri. Clarrie ya miƙa masa hannu, sai ya ce, 'Kai wawa, karɓi tulun tukuna! Irina uwata na da huɗu a gida, tulun kuwa shi kaɗai ne!'"

Shagon ya kaure da dariya. Ashcroft har da share hawaye, kumfa na zuba a wuyansa. Clarrie ma ya yi murmushin da ya saba. Amma idonsa na kan hannun Wal, ya ga yadda ya ajiye askar a kan kanta ya kama bakin kantar da hannu biyu, kamar yana neman wani abu a cikin kwalabe.

Da shagon ya watse, Clarrie ya hau kujera. Wal ya yafa masa mayafi.

"Zan gaya wa Des ƙarshensa," in ji Clarrie.

Almakashin ya tsaya.

"Ƙarshen me?"

"Ka sani."

"Labarin ya ƙare a inda na tsaya. Kullum a nan yake ƙarewa."

"Za shi, Wal. Ko na sa hannu ko ban sa ba. Ba ni da wani abin da zan tare shi da shi."

Wal ya ɗingisa zuwa ƙofa ya rufe, ya dawo ya tsaya a bayansa, suna kallon juna ta madubi.

"Ba labarinka ba ne kai kaɗai. Tsohuwa Doolan na nan da ranta. Duk Kirsimeti sai ta aiko mini da kek, ka san wannan? Ta ce ni ne na riƙe hannun ɗanta." Ya nuna askar da ke kan kanta. "In maganar nan ta kai kunnenta, Clarrie, na rantse da askar nan zan yanka ka, in kuma bi ka."

"Ba za ta kai ba."

"Kuma kana ganin zai hana shi? Mu da aka gaya mana, da mun zauna?"

"Mu ba wanda ya gaya mana."

Wal ya koma kan almakashinsa. Ya yi masa askin a gaggauce, ya ƙi karɓar sulensa.

Kwanaki suka wuce Clarrie bai sami bakin farawa ba. Sau da yawa ya buɗe baki a wurin aiki, sai wata barkwanci ta riga gaskiyar fitowa. Harshe ma yana da hanyar da ya saba bi, kamar doki da hanyar gida. Des kuwa ya ajiye takardar sajan a ƙarƙashin agogon da ke kan murhu, kullum da safe sai ya dube ta, ya dubi uban.

Sai ran nan da hantsi suka fita duba tafkin da ke ƙarshen gona. Ruwan ya janye ya koma tsakiya, ɗan kore mai wari, kewaye da baƙin taɓo wanda samansa ya bushe ya tsattsage amma ƙarƙashinsa kamar kunu. Tun daga nesa suka ga hankaki sun taru. Tumaki uku ƙishirwa ta ja su ciki. Biyu sun riga sun mutu. Ta ukun ta nutse har kafaɗa, kai kawai take iya motsawa, hankaki sun cire mata ido ɗaya.

"'Yan banza!" in ji Des, ya jefe su da hoge. "Baba, kawo igiya."

Suka sauke fallayen kwanon rufi daga keken doki suka shimfiɗa a kan taɓon. Des ya rarrafa a kai ya cusa hannu yana neman inda zai ɗaura igiya a bayan ƙafafun gaba. Clarrie ya riƙe ɗaya bakin. Suka ja. Tunkiyar ta yi wani kuka siriri, taɓon ya yi sauti kamar mai tsotsar ɓargo, bai sake ta ba. Suka sake ja. Fallen kwanon ya karkata, ƙafar Des ta zame ta shige har gwiwa.

Yaron ya ɗaga hularsa sama da hannu biyu yana dariya. "Baba, karɓi tulun tukuna!"

Clarrie bai san sanda ya saki igiya ya hau kwanon ba. Ya cakumi wuyan rigar ɗansa ya fizgo shi da ƙarfin da ya manta yana da shi, suka zube tare a busasshiyar ƙasa. Takalmin Des ɗaya ya zauna a cikin taɓon. Clarrie ya durƙusa yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, hannun hagun na kaɗawa.

"Haba Baba, iya gwiwa ne fa."

"Zauna."

"Takalmina..."

"Na ce zauna!"

Des bai taɓa jin wannan muryar ba. Ya zauna.

Clarrie ya jira tarin ya lafa. Bai dubi yaron ba, tunkiyar ya duba.

"Na karɓi tulun," ya ce. "Gaskiya ne ya faɗi abin da ake cewa ya faɗa, kuma mun yi dariya. Iya ƙugu ya nutse a lokacin. Muka miƙa masa bindiga ya kama, mu huɗu muka ja, bai motsa ba. Muka haɗa ɗamarunmu muka ɗaura masa a hammata, muka ja har ya ce mu bari, za mu raba shi biyu. Duk motsin da ya yi sai ya ƙara yin ƙasa. Kayan da ke bayansa sun kai nauyin ɗan maraƙi, ga babbar riga ta sha ruwa. Sai igwa ta fara sauka a kan hanyar. Bayanmu mutane sun yi layi a kan katako ɗaya, ba wurin ratsewa. Hafsa ya ce a wuce, za a turo masu shebur. Artie da kansa ya ce, 'Ku tafi, ina zan je? Ku dai rage mini nawa rabon barasar.'"

"Aka turo su?"

"Wa za a turo? Wanda aka tura da saƙon ma ba a sake ganinsa ba."

Iska mai sanyi ta taso daga kudu. Hankakin sun dawo sun jeru a kan shinge suna jira.

"Da aka sauya mu muka biyo ta hanyar, kwana ya kewayo har sau biyu. Na ɗauka ya mutu. Na roƙi Allah ya sa ya mutu. Tun kafin mu iso muka jiyo shi. Ya nutse har haɓa, ya ɗaga fuska sama don kada ruwan ya shiga bakinsa. Gashin kansa... ka ga hotonsa a gidan uwarsa, baƙi wuluk. To ba haka na gan shi ba. Bai gane mu ba da farko. Yana ta kiran karensa na gida, yana masa fito, sai ya yi kuka, sai ya yi waƙa. Beraye sun taɓa masa kunne. Na kwanta a kan katako na zuba masa ruwa a baki, sai hankalinsa ya ɗan dawo, ya ce, 'Clarrie, kai ne?' Na ce ni ne. Ya ce, 'Don Allah.' Bai ce komai ba sai wannan. Don Allah, don Allah, yana kallon bindigata."

Clarrie ya ci gaba, idonsa na kan tunkiyar.

"Mun sake gwadawa. Da hannu muka riƙa tona, muna kwashewa yana komawa. Gari na shirin wayewa, in ya waye duk wanda ke kan katakon nan gawa ne. Na ɗaga bindigar na kasa. Wal ne ya karɓa. Ya ce masa, 'Artie, dubi can, ga karenka.' Artie ya juya ido."

Tunkiyar ta sake yin kukan nan nata.

"Kyaftin ya rubuta wa uwarsa cewa harsashi ne ya same shi a zuciya, bai ji komai ba. Mu ma da muka dawo haka muka ce. Je ka karanta sunayen da ke jikin dutsen nan na gari, kowannensu a zuciya aka same shi, kowannensu bai ji komai ba. Ƙarya ce, Des. Na ɗauki rabin mutum a buhu. Na ga yaro kamarka yana tattara hanjinsa yana ba su haƙuri. Ba tseren ƙwarƙwata ba ne. Wannan ne. Kuma maganar nan ba ta wuce bakin tafkin nan, saboda tsohuwar."

Des ya tashi da takalmi ɗaya, ya taka zuwa gindin wata bishiyar turare, ya dafa ta ya yi amai. Ya daɗe a can. Clarrie ya ji wani abu kamar sauƙi na shigarsa. Ya ce a ransa, ya ji, ya shiga. Ko yaron ya tsane shi daga yau, in dai zai zauna, ya biya.

Da Des ya dawo idanunsa sun yi ja.

"Ina ɗan shekara bakwai na yi wasan Artie a makaranta," ya ce. "Na ɗaga butar malama sama. Kana wurin. Ka tafa mini."

"Na tafa."

"Kawu Wal ya ba ni alewa."

"Ya ba ka."

"Me ya sa kuka bar ni ina dariya?"

Clarrie ya dubi tafkin. Me zai ce? Cewa in ba su yi dariyar ba sai su haukace? Cewa garin ba ya son ji? Cewa duk wanda ya fara irin wannan magana a mashaya sai a dafa kafaɗarsa a sayo masa wani kofi, a ce ya isa haka, aboki? Duk gaskiya ne, kuma babu wadda ta isa amsa.

"Yanzu dai ka sani," ya ce. "Ka zauna. Gona ma aikin ƙasa ce, soja sai da ulu da alkama. Ba wanda zai zage ka."

Des ya tsuguna ya ɗauki igiyar yana naɗe ta a gwiwar hannu.

"Ronnie ya riga ya wuce gwajin likita. Ubansa ya sa hannu tun makon jiya."

"Ronnie ɗan ubansa ne."

"Ni na ja shi, Baba. Shi ba ya so. Ni na riƙa ba shi labaranku, na ce masa za mu sha dariya, za mu ga duniya. Ronnie da ko zomo ba ya iya kashewa." Ya ɗago ya dubi uban. "In ya zame daga kan katakon, wa zai riƙe ɗamarar?"

"Ɗamarar ba ta fid da kowa ba! Ba ka ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Amma kun koma. Kai ka ba shi ruwa. Da ba ku koma ba fa?"

"Des..."

"Da ka gaya mini bara, da ban buɗe wa Ronnie baki ba. Da ka gaya mini ko watan jiya." Ya ajiye igiyar. "Yanzu kana so in tsaya a tasha in ɗaga masa hannu, alhali na san inda na tura shi? Kai za ka iya?"

Clarrie ya san amsar, ya kuma san yaron ya sani. Abin da ya ɗauko don ya tare hanya shi ne ya ƙara ɗaure yaron. Jiya ɗoki ne ke jan Des, ɗoki kuwa yana hucewa. Yau ba sauran ɗoki a fuskarsa.

Suka sake gwada tunkiyar da doki. Igiyar ta shige cikin naman, ƙashi ya yi ƙara. Clarrie ya tsayar da dokin, ya zaro wuƙa daga ɗamara. Des ya miƙo hannu.

"Kawo."

"Bari, ni zan yi."

"Kawo, Baba. Hannunka na rawa."

Ya ba shi. Yaron ya rarrafa a kan kwanon, ya rufe wa tunkiyar idon da ya rage da tafin hannu, ya gama da ita da yanka ɗaya. Ya tono takalminsa, suka koma gida.

Hilda na murza ƙullin burodi suka shigo. Ta dubi taɓon da ke jikinsu, ta dubi fuskar ɗanta, ta san an yi.

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"To?"

Des ya ɗaga agogo ya zaro takardar ya ajiye a kan tebur, nesa da garin alkama.

Hilda ta dube ta kamar maciji. "A'a. Clarrie, ka ce ba za ka sa ba. A gabana ka faɗa."

"Ba zan sa ba," in ji Clarrie, amma muryar ba ta da ƙashi.

"Mama, ki saurare ni," in ji Des a hankali. "In bai sa ba, zan sauka Melbourne in ƙara wa kaina shekaru. Sai dai a can dole in canza suna, don kada ku sa a dawo da ni. Haka ɗan gidan Mackie ya yi."

"To ka canza! Ka zama ɗan wasu, tunda mu ba mu ishe ka ba!"

"In na canza, ba su san Yarrindee ba, ba su san ki ba. In wani abu ya faru, ba inda za su aika."

Hilda ta tsaya da hannuwa cikin ƙulli. Ta dubi Clarrie, tana jiran ya ce ƙarya ne. Clarrie ya san mutanen da aka binne da sunan aro, waɗanda iyayensu mata suka tsufa suna tare mai kawo wasiƙa a bakin hanya. Ya sunkuyar da kai.

"Haka ne," ya ce.

"Allah ya isa tsakanina da ku," in ji ta, ba da ƙarfi ba. "Kai da Wal da Ashcroft da dutsenku da faretinku. Kun zauna kuna ta dariya har kuka cinye mini yaro."

Ta goge hannuwanta a jikin rigar girki, yatsa bayan yatsa. Ta shiga ɗaki, suka ji ta jawo aljihun kabad. Ta fito da kwalbar tawada da alƙalami ta ajiye gaban mijinta.

"Sa masa," ta ce. "Da sunan da na raɗa masa zai tafi."

Clarrie ya zauna. Ya danne takardar da hannun hagu, hannun ya ƙi tsayawa, takardar na ta karkarwa a kan tebur. Hilda ta zagayo ta ɗora nata hannun a kan nasa ta danne, ba ta dube shi ba. Ya tsoma alƙalami ya rubuta sunansa harafi bayan harafi, yadda aka koya masa a ɗan zaman da ya yi a makaranta.

Des ya jira tawadar ta bushe, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya sumbaci uwarsa a ka, ya fita. Suka ji ya jawo keke daga jikin bango, suka ji ƙarar sarƙarsa a kan tsakuwa ya nufi gidan su Ronnie, har ƙarar ta ɓace. Hilda ta koma kan ƙullinta ta ci gaba da murzawa, Clarrie kuma yana zaune da alƙalamin a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.